Manhajar da Malam Ya Saka

Ranar Litinin na shiga ɗakin duba haƙori na tarar kwamfuta ta sabunta kanta. Ba wanda ya roƙe ta. Ta dai rubuta min a allo cewa an yi mata gyare-gyare, komai nawa yana inda na bar shi. Na ce to madalla, na sa safar hannu.

Asibitin nawa ɗaki biyu ne da ɗan falo, a saman wani shagon sayar da fenti. Ni ce likitar, sai Sista da ke taya ni. Ta girme ni da shekara goma sha ɗaya, kuma ba ta bari in manta. Kwamfutar ɗaya ce tal. Ita ke karɓar hoton haƙori daga na'ura, a cikinta sunayen marasa lafiya suke, da ranar da kowa zai dawo.

Wanda ya fara shigowa wani dattijo ne da ya yi shekara talatin yana tuƙa babbar mota, muna kiransa Baba Direba. Turmin haƙorinsa na ƙasa ne ya hana shi barci kwana uku. Na sa masa ɗan farantin ɗaukar hoto a baki, na ce ya cije a hankali, kada ya motsa. Hoto ya fito tas a allo, har na hango ruɓar a gindin haƙorin. Na danna ajiyewa.

Kibiyar maus ta tsaya cak.

Na girgiza maus. Na ɗaga shi na buga a tebur. Agogon da ke kusurwar allo ya tsaya a tara da minti goma sha biyu, na bango kuwa yana ta tafiyarsa.

"Sista, zo ki gani."

Ta leƙo ta saman tabarau. "Ta sandare."

"Na ga ta sandare. Me ya sa?"

"Ni na haife ta?"

Baba Direba ya yi wani gurnani daga kan kujera. Ashe na manta farantin yana bakinsa, yawu har ya gangaro masa a haɓa. Na cire, na ba shi haƙuri. Muka jira minti biyar ko za ta farfaɗo, ba ta farfaɗo ba. Na danne maɓallin kashewa har ta mutu, na sake kunnawa. Da ta dawo, hoton Baba babu shi. Wannan bai ba ni mamaki ba. Abin da ya ɗaure min kai shi ne bayanansa da Sista ta shigar ta ajiye tun kafin ya zauna, su ma babu, kamar bai taɓa hawo matakalarmu ba.

"Baba, sai mun sake ɗauka."

"'Yata, ni ba hoton fasfo na zo yi ba. Cire shi kawai ki jefar."

Ba na son haska wa mutum na'ura sau biyu a banza, ko da hasken kaɗan ne. Amma ba na cire turmi ban san yadda saiwarsa ta kwanta ba. Muka sake. Wannan karon na ɗauki allon da wayata kafin in taɓa komai, kamar wata 'yar koyo. Kafin a tashi aiki ranar, sau huɗu ta yi min haka.

Mai gyaran kwamfutar unguwarmu kowa Na-Gane yake kiransa, shi ma yana amsawa. Ya zo ranar Talata da jakarsa a kafaɗa, ban gama bayani ba ya ɗaga hannu.

"Likita, na gane. Zafi ne. Fankar ta toshe."

Ya kwance murfi, ya hura datti ya cika min ɗakin da na gama gogewa, Sista tana binsa da harara da tsumma. Ya tafi da minti ashirin ta sandare, wata mata tana kwance baki buɗe.

Laraba ya dawo. "Na gane. Ƙwaƙwalwar ce ta gaji." Ya zare wani siririn ƙarfe ya sa sabo. Da azahar ta sandare.

Alhamis ya ce bairos ne. Ya sa wani abu yana bincike awa biyu, ni kuma ina rubuta sunayen mutane a bayan ambulan. Binciken ya gama ya ce kwamfutar ta fi ni lafiya.

"To ka gane?" na ce masa.

Ya sosa ƙeya. "Sai dai a goge komai a sake zubawa."

"Hotunan mutane na shekara bakwai?"

"Ai za a kwafe su tukuna."

"Da kwamfutar da ke sandarewa in an ce ta kwafi abu?"

Ya ce zai yi tunani. Na ce ya je ya yi a shagonsa.

A gida ma ban huta ba. Maigidana malamin lissafi ne a sakandare, Malam nake kiransa tun kafin aure. Mutum ne mai kirki, amma duk abin da ke da waya a jiki gani yake ya fi wanda ya ƙera shi saninsa. Shekara uku da suka wuce ya buɗe firintar asibitin wai zai sa ta daina cin takarda. Ta daina cin takarda, ta daina komai ma. Tun ranar na kafa masa doka: ya shigo, ya zauna, ya sha shayi, amma hannunsa kada ya kai kan wani abu mai soket.

Da yammacin Alhamis muna cin abinci nake ta zuba masa ƙorafi. Da ma ya saba ba ni shawara bakwai kafin in ajiye cokali. Ranar tambaya ɗaya ya yi.

"Kin ce sabuntawa ta yi?"

"Eh."

"Babba ko ƙarama?"

"Ina zan sani? Ba ta nuna min katin haihuwa ba."

Ya ce "Hmm", ya ci gaba da cin abincinsa, har da yabon miya. Na ɗauka gajiya ce.

Da na ga masu gyara sun kasa, sai na koma abin da na iya. In mutum ya zo yana cewa haƙori na ciwo, ba na fara da filaya. Tambayarsa nake: yaushe yake tashi, da ruwan sanyi ko da na zafi, in ka tauna ko in ka kwanta? Na ɗauko takardar rubuta magani na jera duk sandarewar da zan iya tunawa, Sista tana cika min gurbi. Goma sha uku muka ƙirga. Babu ko ɗaya da ta faru lokacin da Sista ke buga suna ko duba ranar dawowa. Duka lokacin ajiye hoto ne, kuma manyan hotuna sun fi jawo ta. Abu na biyu, kullum abin da ke ɓacewa aikin mintocin ƙarshe ne, har wanda muka riga muka ajiye muka ga ya ajiyu da idonmu.

"Kenan ƙarya take mana," in ji Sista. "Ta ce ta ajiye, alhali a hannu take riƙe da shi."

Na juyo na kalle ta. "Sake faɗa."

"Ke ma kin ji ni."

Ranar Juma'a na sallami mutum na ƙarshe da wuri, na ja kujera gaban allo. Na fara bin 'yan alamomin da ke ƙasa kusa da agogo ɗaya bayan ɗaya, abin da ban taɓa yi ba a shekara bakwai. Wannan na sauti ne, wannan na intanet, wannan na na'urar hoto. Sai ga wani ɗan kore mai kamar tulin faranti, ya ɓuya a bayan wata 'yar kibiya. Na danna. Wani shafi ya buɗe cike da lambobi masu hawa da sauka. Yawancinsu ban fahimta ba, amma layi ɗaya ko makaho ya karanta: jinkirin rubutawa a faifai, minti goma.

Na nemo ranar da aka saka manhajar. Shekara biyu da wata ɗaya.

"Sista, me muke yi a watan nan shekara biyu baya?"

Ba ta ko yi tunani ba. "Fenti. Mun rufe kwana uku."

"Wa ya riƙe makulli yana kula da masu fentin?"

Ta cire tabarau ta ninke a hankali. Ta ce, "Bari in ɗora ruwan shayi. Yau akwai kallo."

Malam ya iso bayan an tashi makaranta, alli a hannun rigarsa. A waya ban faɗa masa komai ba, na ce dai ya biyo ya ɗauke ni. Yana shigowa ya ga shafin a buɗe, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Malam, ka san wannan?"

"Wanne?"

"Kada ka sa in tashi."

Ya shigo ya zauna a kujerar marasa lafiya, don ita kaɗai ce babu kowa a kai. Ya gyara murya irin ta aji.

"Bari in yi miki bayani, abin ba wuya. Kin ga tiren nan naki? In kina aiki ba kya tashi ki je kabad duk sanda kika gama da almakashi. A tire kike ajiyewa, in kin sami sarari ki kwashe gaba ɗaya. To faifan kwamfutar nan tsoho ne, kabad ne mai nisa. Manhajar nan tire ce. Tana riƙe abin da kika ajiye a ƙwaƙwalwa, in an jima ta zuba a faifai. Shi ya sa take sauri."

"In kuma aka kashe ta kafin ta zuba?"

Ya kalli silin. "To, abin da ke kan tire..."

"Ya zube ƙasa."

"A iya cewa haka."

"Minti goma, Malam! Wa ya zaɓi minti goma?"

"Da daƙiƙa goma ta zo. Na ga in an ƙara ta fi sauri."

Sista ta ajiye masa kofin shayi a gefen kwanon tofar da yawu, ta koma ta jingina da bango ta harɗe hannu.

Na ce, "Kwana biyar ina haska wa mutane na'ura sau bibbiyu. Na tura wata mai ciki wani asibiti saboda ba zan yi caca da ita ba. Jiya ina gaya maka kana yabon miya."

"Ban tabbata ita ce ba. Har yanzu ma ban tabbata ba." Ya miƙe zaune, muryarsa ta dawo. "Shekara biyu tana aiki, ko tari ba ta yi ba. Me ya canja ranar Litinin? Manhajata ko sabuntawarsu? Su suka zo suka sauya ƙofofin gida, ita kuma tana bin tsohuwar hanya. Laifin wa?"

"Ban damu da laifin wa ba. Ba kotu na buɗe ba."

"Ai dole a san mai laifi."

"Mai laifi yana zaune a kujerata yana shan shayina."

Abin haushin shi ne maganarsa ba ƙarya ba ce, ni ma na san haka, kuma sanin bai rage min komai ba.

Ana cikin haka sai ga Na-Gane ya hawo, wai ya yi tunanin. Ya leƙa allo, ya ga shafin kore, ya tafa hannu.

"Ai na gane! Tun ranar Talata raina ya ba ni akwai wani abu a ƙasa."

Sista ta ce, "Ranka bai gaya wa bakinka ba?"

Na ce kowa ya yi shiru. Tunda Malam mutumin lissafi ne, a gwada. Ya yarda, har da murna, don ya tabbata shi zai ci. Ya danna wani wuri manhajar ta zube duk abin da take riƙe da shi a faifai, sannan ya tsayar da ita. Na buɗe manyan hotuna na tsofaffin marasa lafiya ina sake ajiye su da sabon suna, Sista tana ƙirgawa da ƙarfi. Kowane hoto sai faifan ya yi ta ƙugi kamar tsohon firij kafin ya shige. Amma ya shige. Ashirin cif, kibiya tana yawonta.

"Shi kenan," na ce.

"Ba shi kenan ba," in ji Malam. "Wannan rabin hujja ne. Sai an kunna ta an ga ta sandare, sannan a ce ita ce. In ba haka ba, ƙila sa'a ce."

"Malam."

"Ke ce kika ce a gwada. In za a yi, a yi daidai."

Na-Gane ya gyaɗa kai, wai maganar malamai ce. Na ce su kunna, in huta.

Ya kunna. Sista ta ce mu ɗan matsa mata tukuna, mutum shida sun kira tun rana suna neman ranar zuwa, ta rubuta lambobinsu a tafin hannu da biro, tana so ta wanke hannu. Ta shigar da su, ta ajiye, ta je famfo ta wanke tas da sabulu. Babu wanda ya yi tunani a cikinmu, har ni. Na ajiye hoto na farko, lafiya, cikin ƙiftawar ido. Malam ya yi murmushi. Na biyu, lafiya. Ya fara kaɗa ƙafa. Na uku, kibiya ta tsaya.

Sista ta ɗaga tafin hannunta ta duba, fari fes, ta kalli allo, ta kalli Malam.

"Mutum shida," ta ce. "Ɗaya ma kumatunsa a kumbure."

Malam ya ce, "Anti, ai suna cikin wayar asibiti, za a iya..."

"Wayar tebur ce. Ba ta riƙe lamba. Ita ba ta da tire."

Ban taɓa ganin Malam ya ƙanƙance haka ba. Ya ajiye kofin, ya ce a hankali, "To. Ita ce."

Cire ta ma sai da ya zama aiki. Muka kashe muka kunna, Malam ya danna cirewa, ta yi rabi ta sake sandarewa. Muka sake, haka. A nan ne Na-Gane ya yi abin da ya sa na yafe masa dattin ranar Talata. Ya ja kujera, ya tayar da kwamfutar ta wata hanya da ba ta ɗauko kowace manhaja sai ƙashin bayanta, allon ya yi manyan haruffa kamar littafin 'yan aji ɗaya. Daga can ya cire ta salin alin, ya sake kunnawa, ya duba faifan ko kashe-kashen da muka yi sun lalata wani abu. Hotuna biyu na ranar Laraba sun lalace, ba sa buɗewa. Sauran suna nan.

Sista ta zauna da takarda tana ƙoƙarin tuno mutanenta. Ta tuno huɗu. Na biyar ya sake kira da kansa washegari. Mai kumburin kuwa hawowa kawai ya yi ranar Litinin, muka sa shi a gaba.

Muka shiga mota muka kama hanyar gida har muka wuce gada. Can na ce, "Me ya sa ba ka gaya min ba tun lokacin?"

"Kin kafa doka."

"Shi ya sa ka karya ta a ɓoye."

"Kullum kina dawowa kina cewa kwamfutar nan za ta kashe ki, hoto ɗaya sai kin jira kamar mai jiran mota. Na ga ina da makulli kwana uku." Ya canja giya. "Da kuka buɗe bayan fentin, kin dawo gida kina cewa kwamfuta ta yi hankali da kanta. Har kika ce ƙila warin fenti ne ya buɗe mata kai."

Na tuna. Wallahi na faɗa. Kuma na tuna yadda ya yi ta dariya ranar, ni ina zaton barkwancina ne ya yi daɗi.

"Shekara biyu kana jin daɗi kai kaɗai."

"Ba ni kaɗai ba. Ke ma kin ji, ba ki dai san daga ina ba."

Na so in yi fushi sosai, na kuma yi, amma ba kamar yadda na shirya ba.

Satin da ya biyo baya kwamfutar ba ta sandare ko sau ɗaya ba, sai dai ta koma halinta na da. In na danna hoto, ina iya wanke hannu, in sa sabuwar safa, in tambayi mara lafiya ya yara, kafin ya buɗe. Sista ta ce gara jinkiri da ƙarya, amma ita ma na ji ta tana tsaki. Na sa Na-Gane ya nemo faifai irin na zamani mai sauri, wanda ba ya buƙatar kowa ya riƙe masa komai. Ya kwafe hotunan a wuri biyu kafin ya taɓa ko sukuru ɗaya, ina tsaye a kansa. Na kuma sa ya hana ta sabunta kanta sai na ce to.

Bayan sati biyu Malam ya zo ɗaukata, tun daga matakala yake ɗaga waya.

"Sun gyara! Masu manhajar sun fitar da sabuwa. Sun rubuta da kansu cewa tsohuwar ba ta jituwa da sabuntawar nan. Kin ga abin da na ce? Ba ni ba ne."

"Na gani."

"Da za a mayar da ita a kan sabon faifan nan, da daƙiƙa biyar kawai..."

"A'a."

"Ki bari in gama."

"A'a, Malam."

Yana magana ina kallon bakinsa, don sana'a ba ta barin mutum. Na lura yana karkatar da muƙamuƙi gefe guda, harshensa yana yawan komawa wani lungu ta hagu.

"Tun yaushe wannan haƙorin ke damunka?"

Ya rufe baki. "Wane haƙori?"

"Sista, kawo tire."

"Ba komai ba ne, ɗan sanyi ne kawai in na sha ruwa. Da kansa zai..."

"Hau kujera."

Ya kalli ƙofa, Sista ta riga ta tsaya a wurin. Ya ajiye wayar a aljihu ya hau, na sa masa farantin a baki na ce ya cije, kada ya motsa. Ramin da na gani a hoton ya kai wata shida yana ɓoye min shi. Na ɗauko allura.